Neman 'Yar Maƙale daga Bawku zuwa Salaga

Tun da na dawo daga Gana, babu ranar da zan shiga ɗakin malamai a makarantarmu ba a tare ni da tambaya ba. Wannan ta ce ina tsaraba, waccan ta ce wai da gaske ne Hausar can ba ta raba mace da namiji. Nakan yi dariya in ce tafiya ta yi kyau, alhamdulillahi. Ba gaskiya nake faɗa ba, kuma na gaji da wannan amsar. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya kasance, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata.

Sunana Balkisu, ina koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata a Zariya. Mahaifina, Idrisu, haifaffen Salaga ne. Yana da shekara ashirin da 'yan kai wani Bature mai binciken tsirrai ya ɗauke shi tafinta, suka zaga arewacin Gana tare, daga baya ya biyo shi Zariya. Baturen ya koma ƙasarsu, Baba ya zauna, ya ƙare aikinsa a ɗakin da ake ajiye busassun tsirrai. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata.

Cikin duk tsirran da suka ratsa hannunsa, akwai wata 'yar ƙarama da ya fi ƙauna. Ba ta da suna a Hausa, kowa gansakuka yake ce mata. Masana suna ce mata Furulaniya, shi kuwa 'yar maƙale yake kiranta, saboda a jikin ɓawon bishiya take lafewa. Idan ta bushe, sai ka ɗauka tabon tsohon jini ne a jikin itace. Faɗin reshenta bai kai na tsinken ashana ba. Tun ina firamare ya koya mini bambanta ta da gansakuka da ɗan gilashinsa na ƙara girman abu. Ganyen gansakuka tsini gare shi, yana zagaye kara ta ko'ina, galibi da jijiya a tsakiya. Na 'yar maƙale kuwa zagayayye ne, ba jijiya, jeri biyu, ɗaya kan ɗaya kamar ɓawon kifi. In ka juya ta, ƙarƙashin kowane ganye akwai wani ɗan tulu da take tara ruwa. A cikin wannan tulun da ido ba ya gani, wasu halittu suke rayuwa, su haihu, su mutu.

Shekara uku ke nan ciwon suga ya tafi da idanun Baba. Bana, farkon damina, ina yanke masa farce, sai ya ce, "Uwata, ina so in ji ƙamshinta ɗanya kafin in tafi."

Na san abin da yake nufi. Na tafi har duwatsun kudancin Kaduna na samo masa irinta. Ya shinshina, ya ajiye, ya ce wannan ba ta gida ba ce. Sannan ya sa aka buɗe akwatinsa aka ciro wasu ambulan uku da suka yi ja don tsufa. Kowace da ɗan guntun ɓawo a ciki, da rubutun hannunsa a baya. Ɗaya Bawku, bakin rafi. Ɗaya Yendi, layin maɗatai. Ɗaya Salaga, kanyar da ke wajen rijiyoyi.

Da aka ba da dogon hutu, maigidana ya amince, na bi wata maƙwabciyarmu 'yar kasuwa da za ta ganin gida a Bawku. Ta Legas muka bi, muka ratsa ƙasar Binin, muka haura Togo daga kudu har arewa. Kwana huɗu muna hanya, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

A ɗaya daga cikin iyakokin, ba zan faɗi wacce ba, aka sauke mu aka ce kowa ya buɗe kayansa. Ma'aikacin da ya zo kaina ya ciro ambulan ɗin nan, ya buɗe ta Bawku, ya dube ni sama da ƙasa.

"Madam, wannan mene ne?"

"Tsiro ne, ranka ya daɗe. Na bincike."

"Kowa haka yake cewa."

Kafin in miƙa hannu ya zazzage shi a tafinsa, ya murtsuke da babban yatsa, ya kai hanci. Da ya ji ba tabar wiwi ba ce, sai ya hure garin, ya kakkaɓe hannu a wando, ya ce in wuce. Abin da Baba ya adana shekara kusan sittin ya tafi cikin numfashi ɗaya. Na koma mota da ambulan ba komai ciki, ban iya ko kuka ba saboda mutane.

Ta Pusiga muka shiga Gana, muka isa Bawku da la'asar. Gidan ƙanwar maƙwabciyar tawa muka sauka, wata mace mai fara'a, Memuna, mai sayar da atamfa. Da ta gan ni sai ta ɗaga murya tana kiran mutanen gida: "Ku fito, baƙon Najeriya ya zo, ya gaji!" Na waiga ina neman namijin da ake nufi, ashe ni ce. Kwana biyu kunnena ya saba. Aka kawo tuwon zafi, mai laushi da ɗan tsami, ba kamar namu mai tauri ba, da miyar ayoyo, wato lalo, mai yauƙi da jar miya a kai. Da safe koko mai yaji da ƙosai. Ban taɓa shan kokon da ya kai shi ba.

Amma garin ba lafiya. Lokacin da na je akwai dokar hana fita, kuma an hana maza hawa babur saboda rikicin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Mata ne ke tuƙi, da goyo da kaya. A Zariya mace ta hau babur ita kaɗai, ai sai an yi mako ana zancenta. A can ba wanda ke ko kallo.

Na nuna wa Memuna rubutun Baba. Ta karanta, ta ce, "Sista, wannan waje ba namu ba ne yanzu. Wancan ɓangare ne. Ni shekara biyu ban taka ba."

Na roƙe ta. Washegari ta goya ni a babur muka je iyakar inda take iya zuwa, wata 'yar gada. Daga nan ana hango rafin. Ba bishiya ko ɗaya a bakinsa, sai ramukan da aka ɗebi yashi da leda baƙa tana rawa a cikin ruwa. Na ce ko zan ɗan sauka in duba. Ta riƙe gyalena.

"Kai dai duba daga nan. In wani abu ya same ka, me zan faɗa wa yayana?"

Muka juya. Wani tsoho mai gyaran keke a bakin gadar ya ce bishiyoyin sun daɗe da tafiya, tun kafin rikici, wutar girki ta cinye su.

Daga Bawku na ci gaba ni kaɗai. Motar ta bi ta Bolga da Tamale, sannan na sake wata zuwa Yendi. Wurin wani abokin Baba na ƙuruciya aka tura ni, Afa Zakari. Afa shi ne malam a bakin Dagomba. Tsoho ne dogo, gashin girarsa fari fat, yana da makaranta a zaure, iyalinsa kuma suna sayar da hatsi a kasuwa. Hausarsa tsaf, irin ta mutanen da. A gidansa na ga gaisuwar da ta fi tamu tsawo. Mace za ta durƙusa har ƙasa, a yi ta jero mata tambaya tana amsawa da "naa, naa," har sai an gaji. Na gwada, gwiwata ta ƙi tashi, sai da matarsa ta kama ni, gida ya ɗauki dariya. Ita ce dariyar kirki ɗaya da na yi a tafiyar.

Afa ya tambayi Baba. Da na ce idanu sun tafi, ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Idrisu da ke ganin abin da ba ma gani. Allah mai iko." Ya ce ya tuna lokacin da suke yi masa tsiya, ƙato da shi yana manna fuska a jikin bishiya kamar mai neman ƙuma.

Shi da kansa ya raka ni layin maɗatan, yana dogara sanda. Wasu suna nan, manya, amma an faɗaɗa hanya an sare na gefe ɗaya. Waɗanda suka rage an ɗaye musu ɓawo har inda hannu ke kaiwa, don magani. Manyan motoci na wucewa suna feso hayaƙi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da gilashin Baba. A jikin ta shida na hango wani tabo mai duhu can sama da kaina. Aka aro mini benci daga wata mai sayar da wake da shinkafa, na hau, mutane suka taru. Na kankaro kaɗan, na ɗiga ruwa, na duba. Ganye mai tsini, jijiya a tsakiya. Gansakuka ce.

"An samu?" in ji Afa.

"A'a, Baba. Ba ita ba ce."

Mai wake da shinkafar ta tambaya cikin Hausarta, wai maganin mene ne wannan abu da na bar ƙasata saboda shi. Na ce ba magani ba ne. Ta ce ana ci? Na ce a'a. Ta ce to amfaninsa? Ina tsaye kan bencinta na shiga bayani kamar ina aji. Na ce idan aka yi ruwa tana shanye shi ta riƙe, ta riƙa sakinsa a hankali, ɓawo ba ya saurin bushewa. Ƙananan ƙwari suna zama a cikinta, manyansu su ci su, tsuntsaye su ci manyan, har su ɗebe ta su yi sheƙa. Tana kama ƙura ta zama 'yar ƙasa da wani tsiron zai kafa saiwa. Kuma ba ta da saiwar shan ruwa, daga iska da raɓa take samun komai, don haka da inuwa ta ragu ko hayaƙi ya yi yawa, ita ce ke fara mutuwa. Inda ta ɓace, wurin ya soma bushewa ke nan, ko da mutane ba su lura ba tukuna.

Matar ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, Allah ya ba ka sa'a. Sauka, masu ci na jira."

A hanyar komawa Afa ya ce rafin da suke wanka suna yara yanzu ko wata biyu ba ya yi da ruwa. Bai danganta shi da komai ba.

Hanyar Salaga ta Bimbila ita ce mafi muni da na taɓa bi. Ruwa ya cinye ta. Sau biyu motarmu tana kafewa a laka, mu sauka, maza su tura. A karo na biyu takalmina ɗaya ya zauna a cikin taɓon, na shiga garin ubana da silifas ɗin aro, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma. Amma ba lakar ce ta dame ni ba. Tun daga Yendi har Salaga, buhunan gawayi ne jere a bakin hanya, an tara su kamar katanga, kowane ƙauye da nasa. Na riƙa hango hayaƙi yana tashi daga cikin daji, a tsakiyar damina.

Ƙanwar Baba, Gwaggo Azumi, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ba ta taɓa ganina ba sai a hoto. Da na yi sallama ta fito, ta tsaya tana kallona, sai ta fashe da kuka tana cewa, "Mma, kin dawo? Mma ce wallahi, har tafiyar." Mahaifiyarsu take nufi, wadda na ci sunanta. Ta sa aka daka mini sakwarar sabuwar doya da miyar gyaɗa, ta zauna tana kallon bakina har na cinye. Ta yi ta tambayar yayanta. Shekara goma sha tara rabon da su haɗu, kuma dukansu sun san ba za su ƙara haɗuwa ba.

Da safe ta kai ni rijiyoyin. Salaga garin rijiyoyi ne, ƙanana, an fafe su cikin dutse, tun zamanin da ake kawo bayi kasuwar garin ana yi musu wanka a wurin kafin a sayar. Baba ya sha ba ni labarin wurin: inuwa ta rufe ko'ina, sanyi kamar an shiga randa, kanya da ɗorawa da maɗaci, kowace jikinta shafe da 'yar maƙale har ba a ganin ɓawo. Abin da na tarar fili ne, ciyawa da gonar masara, da harsashin gidaje da aka fara aka bari. Rijiyoyi da yawa sun cike da ƙasa.

"Gwaggo, ina kanyar?"

"Wacce? Ai da yawa ne da."

Muka yi ta yawo har rana ta take. Can gefe, bayan wata gona, muka iske guda ɗaya, tsohuwa, ta karkata kan wata rijiya da ta rufta. Na zagaya ɓangaren da rana ba ta bugu. A cikin wata tsaga, daidai ƙirjina, ga wani tabo ja-baƙi, bai fi tafin hannun jariri ba. Na ɗiga masa ruwan gorata. Ina kallo ya soma motsi, ganyayen suka buɗe suka miƙe, launin ya juya zuwa kore mai duhu. Na sa gilashi. Jeri biyu. Ba jijiya. Na juya reshe ɗaya da tsinke, ga 'yan tulunan nan a jere, kowane da ɗigon ruwansa. Na kai hanci, wani ƙamshi kamar na itacen turare da ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Na ce, "Gwaggo, ga ta!" Na zauna a ƙasa ina kuka ina dariya.

A zaunen ne idona ya kai gindin bishiyar. An zagaye shi da gatari, an cire ɓawo faɗin taki guda, kewaye ɗaya ba inda aka bari, har an ɗan yi wuta a wurin. Duk wanda ya karanta tsirrai ya san ma'anar wannan. Ganyenta na nan kore, amma bishiyar ta riga ta mutu, saura lokaci kawai.

Matar da ta yi aikin tana cikin gonar tana cire ciyawa. Ta taso ta gaishe mu, siririya, ba za ta wuce shekaruna ba. Gwaggo ta san ta, mijinta ya rasu, 'ya'ya biyar ya bar mata. Gwaggo ce ta yi mana tafinta, don Hausar matar kaɗan ce. Na tambaye ta me ya sa. Ta ce inuwar tana hana masara, kuma in ta bushe za ta yi gawayi kafin a koma makaranta. Na nuna mata tabon, na ba ta gilashin. Ta duba ta daɗe, ta yi murmushi, ta ce abin da kyau, kamar kitso. Sannan ta ce da na zo wata biyu da suka wuce da ta bar mini ita, ta nemi wata.

Ta nemi wata. Na duba filin, ban ga wata bishiyar da za ta nema ba. Na so in ji haushinta, haushin ya ƙi zuwa. Da ni ce da yara biyar, da gatarin yana hannuna.

Na ɓamɓare ɓawon gaba ɗaya, na raba biyu. Rabi na ɗaure a jikin mangwaron gidan Gwaggo, ɓangaren inuwa, na ce ta riƙa yayyafa masa ruwa. Kafin in iso gida ta yi waya ta ce kaji ba su taɓa shi ba, amma ya yi fari ya zube. Ɗaya rabin na naɗe a takarda na sa a cikin rigata, ban bari wani ma'aikacin iyaka ya gan shi ba.

Duk tsawon hanyar dawowa ina shirya abin da zan gaya wa Baba. Na yanke shawara zan ce komai na nan yadda ya bari.

Na same shi da hantsi a tsakar gida, yayana ya shimfiɗa masa tabarma yana shan rana. Ya rame fiye da yadda na bar shi. Na sa ɓawon a faranti, na ɗiga ruwa, na jira ya buɗe, na kai masa hanci. Ya ja numfashi sau ɗaya, sau biyu. Fuskarsa ta saki irin yadda ban gani ba tun yana da ido.

"Ita ce," ya ce. "Uwata, ita ce. Allah ya yi miki albarka."

Ya shafa ta da ɗan yatsa a hankali. Ya tambayi Azumi, ya tambayi Zakari, ya yi dariyar labarin gwiwata. Sannan ya ce, "A jikin wacce kika samo? Babbar da ke bakin rijiya mai baki biyu, ko ta kusa da hanya?"

Na buɗe baki in yi ƙaryar da na shirya. Amma mutumin nan shi ya koya mini kada in rubuta sunan tsiro sai na juya shi na ga ƙarƙashinsa. Na kasa. Na gaya masa rafin Bawku, da maɗatan Yendi, da buhunan gawayi, da kanya ɗaya da aka zagaye wa gindi. Har ambulan ɗin da aka hure na gaya masa. Ina magana yana riƙe da farantin, bai katse ni ba.

Da na gama, ya miƙo mini farantin.

"Uwata, ni da ba na gani," ya ce, "da kin ce mini suna nan, ai da suna nan."

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Ba ki yi laifi ba. Kira yayanki ya mai da ni ɗaki, ranar ta ishe ni."